Baƙo, Mai Masauki da Maƙwabci: Yadda Sabuwar Dabara Ke Bin Hanyoyin Hulɗa a Ƙasar Damagaram

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda sabuwar dabara ko sabon ra'ayi ke shiga ƙasar Damagaram, ya samu gindin zama, har ya zama ƙungiya ko yunƙurin jama'a. An ɗauko misalai daga fataucin Zango a ƙarni na 19, da jam'iyyar Sawaba, da farfaɗowar gawo a gonakin Magarya da Matamai da Mirya, da asusun Mata Masu Dubara. Abin da take son nunawa shi ne, tsakanin baƙon da ya kawo abu da maƙwabcin da ya kwaikwaya, akwai mutum na uku da masu nazarin yaɗuwar dabaru ba su ba shi haƙƙinsa ba. Shi ne mai masauki, ɗan garin da ke ba da mutuncinsa lamuni a kan abin da jama'a ba su riga sun sani ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin raya karkara a jihar Damagaram ya san wannan al'amari. A kawo dabara mai kyau, a tara jama'a ƙofar mai gari, a yi bayani, a rarraba kaya, kowa ya ce madalla. Bayan damina biyu a koma, ko alamarta babu. Wata dabarar kuwa ba wanda ya yi mata shela, ba mota ba lasifika, sai a wayi gari ta game ƙauyuka. Me ya raba su?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1943 Bryce Ryan da Neal Gross suka bi diddigin yadda manoman jihar Ayowa ta Amurka suka karɓi ingantaccen irin masara. Sun tarar akasarin manoman daga bakin dillalan iri suka fara jin labarinsa, amma ba su shuka ba sai da suka ga gonar maƙwabci, kuma tsakanin ji da shukawa an ɗauki shekaru. A kan irin wannan bincike Everett Rogers ya gina littafinsa na 1962, wanda har yau shi ne madogarar fannin. A 1973 Mark Granovetter ya ƙara da cewa sabon labari ya fi zuwa wa mutum daga sanayya ta nesa, domin shi da aminansa abu ɗaya suke ji, wuri ɗaya suke zama. Daga baya, a 2007, Damon Centola da Michael Macy suka nuna iyakar wannan magana. Sanayya ta nesa ta isa ta kawo labari, amma abin da ke da kasada ko abin kunya a cikinsa ba ya kama mutum sai ya gan shi wurin mutane da dama na kusa da shi. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa gani ya kori ji.

To amma akwai giɓi. Idan kowa na jiran ya gani wurin maƙwabci, wa zai fara? A ƙasar da mutunci jari ne, wanda ya fara shi ke ɗaukar dariyar gari idan abu ya lalace. Amsar da nake ba da ita tana cikin tsarin fataucinmu na da. Polly Hill a Kumasi (1966) da Abner Cohen a unguwar Sabo ta Badun (1969) sun bayyana aikin maigidan da fatake ke sauka wurinsa. Yana ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, kuma mafi girma, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Mai saye bai san baƙon ba, amma ya san maigidan, ya san inda zai same shi gobe. Ra'ayina shi ne, sabuwar dabara ma ta wannan ƙofa take shiga gari, kuma saurin yaɗuwarta ya danganta ne ga samun wanda zai tsaya mata.

Zango da Birni

Ayyukan André Salifou da Roberta Dunbar da Stephen Baier sun nuna mana Zinder ta ƙarni na 19, babban birnin Damagaram, a matsayin gari biyu masu jingina da juna: Birni, inda fada take, da Zango, inda ayari ke sauke kaya. Buzayen Kel Ewey daga Abzin, Larabawan Gadamas da Tarabulus, Barebari, Kanawa, duk a nan suke haɗuwa. Heinrich Barth ya iso garin a ƙarshen Disamba 1852, ya zauna yana jiran saƙon kuɗi daga Tarabulus, kuma saƙon ya same shi. Kuɗi su ƙetare Sahara hannu da hannu su tarar da baƙo a masaukinsa, wannan kaɗai ya isa shaida kan ƙarfin amanar da ke riƙe da hanyar.

Ta wannan hanya bindiga ta shigo da yawa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan mulki na kusan shekara talatin. Sarakuna da dama sun sayi bindiga a wancan ƙarni. Abin da ya bambanta Tanimun shi ne bai tsaya ga saye ba, ya sa maƙeran garinsa zuba igwa da haɗa albarushi a cikin gida. Masana tarihi suna kawo adadin bindiga wajen 6,000 da igwa 40. Fatake suka kawo abu, sarki da kansa ya zama mai masaukinsa, maƙera suka mayar da shi sana'a. Masarautar da ke kai gaisuwa Borno ta zama abin tsoro ga maƙwabtanta. Bai kamata a faɗi wannan ba tare da faɗin farashinsa ba, domin hanyar da ta kawo bindiga ita ce ta kwashi 'ya'yan mutane zuwa arewa a matsayin bayi, kuma bindigar ta ƙara sauƙaƙa kamo su. Hanyar hulɗa ba ta tace abin da take ɗauka.

Faransawa sun gane darajar mai masauki tun da wuri. Bayan sun ci Zinder a Yuli 1899, sun jingina da babban attajirin Zango, Malam Yaro, wanda ke da wakilai a garuruwan fatauci masu nisa. A 1906, da suka zargi Sarki Ahmadu ɗan Bassa da shirya tawaye, shi ma attajirin bai tsira ba. Mutumin da ke iya shigo da kaya yana iya shigo da shawara, kuma mai mulki ya san haka.

Sawaba: jam'iyyar da ta hau mota

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Sahara ya mutu a hankali, fuskar Damagaram ta juya kudu. Gyaɗar Magarya da Matamai ta riƙa gangarawa Kano, tafiyar da ba ta wuce kilomita 240 daga Zinder ba. A 1926 aka ɗauke babban birnin mulki daga Zinder aka kai Yamai, garin ya rage da kasuwa da tasha da ɓacin rai. Sabbin fatake su ne direbobi da yaran mota.

Klaas van Walraven, a babban aikinsa na 2013 kan tarihin Sawaba, ya nuna cewa ƙashin bayan jam'iyyar Djibo Bakary ba manyan 'yan boko ba ne. Direbobi ne, da kanikawa, da ma'aikatan gidan waya, da teloli, da ƙananan 'yan kasuwa, da malaman allo, da mata masu zaman kansu. Mutane ne masu ƙafa ɗaya a gari ɗaya a ƙauye, kuma Zinder na cikin wuraren da jam'iyyar ta fi ƙarfi. A Kano kuwa NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta riga ta sa kalmar sawaba a bakin talaka. Direban da ya kwana Kano ya ji lacca kan zaluncin haraji da aikin tilas, gobe yana Zinder yana ba da labari a tasha. Ba a buƙaci jarida ba.

Amma labarin tasha ba ya zama ƙuri'a a ƙauye sai wani ɗan ƙauyen ya karɓe shi. A nan ne tarihin Sawaba ya fi koyar da mu, domin masu masaukinta iri biyu ne. Akwai na ƙasa, wato tela ko mai tebur ko malamin da gidansa ya zama wurin taro. Akwai kuma na sama. A ƙarshen 1956 jam'iyyar UDN ta Djibo Bakary, wadda aka kafa a 1954, ta haɗe da BNA, jam'iyyar da sarakuna ke mara wa baya, kuma da wannan haɗaka Sawaba ta ci zaɓen Maris 1957. Lamunin sarakuna ya kawo nasara cikin gaggawa, amma lamuni ne na aro. Da Sawaba ta ce a jefa ƙuri'ar a'a a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, aka matsa wa sarakuna, abokan haɗaka suka janye. Sakamakon da hukuma ta bayar ya ce kusan kashi 78 cikin ɗari sun ce i. A Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar.

Abin da ya biyo baya ya fi ban tausayi. Samarin Sawaba sun samu hanyoyin nesa da ba su taɓa mafarki ba, an horar da su a Gana da Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa. Amma a cikin shekaru biyar ɗin nan gwamnatin Diori Hamani ta bi masu masaukin ƙasa da kamu da tsoratarwa. Da dakarun suka ƙetaro iyaka a ƙarshen 1964, da yawansu ba su tarar da ƙofar da za ta buɗe musu ba, aka kama su cikin 'yan kwanaki, aka kashe wasu a bainar jama'a. Ba ra'ayin ne ya mutu a zukatan mutane ba. Waɗanda za su tsaya masa ne aka kawar.

Ana iya ganin irin wannan tsari a shigowar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978. Rediyon Kaduna da kaset-kaset na wa'azi sun ƙetare iyaka tun da wuri, amma binciken Emmanuel Grégoire a Maraɗi ya nuna cewa sai da wasu alhazai 'yan kasuwa suka gina masallatai da makarantu, suka ɗauki nauyin malamai, sannan ƙungiyar ta zauna. Ba zan tsaya a kan wannan ba, domin ya cancanci maƙala tasa.

Gawo

Misalin da ya fi girma a ƙasar Damagaram ba shi da shugaba, ba shi da tuta, ba shi da katin zama memba, amma ya canja fuskar ƙasa har ana ganinsa daga tauraron ɗan'adam. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, ciki har da Chris Reij, suka yi nazarin gonakin Magarya da Matamai da Mirya, suka ƙiyasta cewa manoma sun raya itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan ɗaya, akasari gawo, kuma akasari matasan itatuwa da suka taso bayan farin 1984. Hotunan sama da Gray Tappan ya kwatanta, na shekarun 1970 da na bayan 2000, sun tabbatar da haka. A faɗin kudancin Nijar ƙiyasin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ba dasa su aka yi ba. Barin su aka yi suka tashi.

Ga wanda bai san noma ba, aikin kamar ba komai. Lokacin sassabe, kafin ruwa ya sauka, manomi na bin gonarsa da gatari ko adda. Da can duk abin da ya toho sai ya sare shi ƙasa, ya tara, ya sa wuta, domin gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki. Yanzu sai ya tsaya kan kututturen da ya fitar da tsiro goma, ya zaɓi biyu ko uku mafi miƙewa, ya sare sauran, ya aske ƙananan rassan waɗanda ya bari har zuwa rabin tsayinsu. Ɗan gawon da ya fito daga iri kuwa, wanda bai wuce tsayin gwiwa ba, sai ya kewaye shi da ƙaya ko ya kafa masa sanda, don kada garma ko yaro mai noma ya tafi da shi. Wani ya ɗaura masa ƙyalle, alamar cewa mai gona ya san da shi. Wannan shi ne abin da ake kira sassaben zamani.

Gawo kuwa ya dace da manomin hatsi fiye da kowane itace. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani yake yin kore, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya a lokacin da ciyawa ta ƙare. Dabbar da ta ci 'ya'yan ta kai irin wata gona cikin kashinta, kuma irin da ya bi ta cikin dabba ya fi saurin tsirowa. Manomin da ke kai taki gona yana shuka gawo ko bai yi niyya ba, haka ma makiyayin da ya kwana da garkensa a gonar.

Idan haka ne, me ya hana a yi tun da can? Labari biyu ake bayarwa, kuma dukansu ina ganin sun rage wa manomin Damagaram haƙƙinsa. Na farko ya ce dabarar ta fito ne daga Maraɗi, inda Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, ya fara koyar da ita a 1983. Aikinsa gaskiya ne, kuma lambar yabon da aka ba shi a 2018 ta dace da shi. Amma shi kansa tarihin Maraɗi yana goyon bayan abin da nake faɗa. A yunwar 1984 an haɗa barin itace da rabon abinci, mutane suka bari, da rabo ya ƙare akasarinsu suka sare. 'Yan kaɗan da suka riƙe, suka jure a kira su ƙazaman manoma, su ne suka zama abin kallo bayan 'yan shekaru, lokacin da suke da itacen girki da na sayarwa alhali maƙwabta na tafiya nesa nema. Abinci ya sayi biyayya ta shekara ɗaya, amma waɗancan 'yan kaɗan ne suka tsaya wa dabarar. Game da kudancin Damagaram kuma, binciken 2006 ya nuna cewa yawancin aikin manoma ne suka yi da kansu, a yankin da jama'a suka yi yawa, gona ta ƙanƙance, hutun ƙasa ya ƙare, ba sauran daji da za a je saran itace.

Labari na biyu na gida ne. Ruwaya ta ce Sarki Tanimun ya kafa doka mai tsanani, wanda ya sare gawo a bakin ransa. Ana son wannan labari domin yana nuna cewa darajar gawo ba baƙuwa ba ce a nan, kuma hakan gaskiya ne. Amma idan tsoron hukunci ne ke raya itace, da dokokin gandun daji sun cika ƙasar da shi. Dokar Faransawa ta 1935 da dokar Nijar ta 1974 sun sa itatuwa irin su gawo a ƙarƙashin kariyar hukuma, ko da a gonar mutum suke. Sakamakon ya zo a juye. Itacen da ya girma a gonarka ya zama dalilin zuwan ma'aikacin gandun daji da tara, ko reshe ka sara sai ka biya. Mai hankali sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Sai da ƙarfin hukuma ya ragu a karkara, bayan faɗuwar kuɗin yuraniyom da rasuwar Seyni Kountché a 1987 da rikicin siyasar shekarun 1990, sannan manomi ya fara jin itacen gonarsa nasa ne. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 sun zo ne daga baya, sun tarar aiki ya yi nisa.

Saboda haka ilimin yana nan tun da, buƙata ta matsa, tsoro ya ragu. Abin da ya rage shi ne wanda zai fara barin gonarsa da datti a idon jama'a. Fahimtata ita ce, ba matalaucin ƙauye ne ke iya wannan ba, kuma ba baƙo ba ne. Mutum ne wanda rumbunsa ya riga ya shaide shi, wanda idan ya yi abin mamaki za a ce akwai dalili, ba za a ce lalaci ba ne. Gonarsa kuma idan tana bakin hanyar kasuwa, duk mai wucewa ranar kasuwa ya ga yadda gero ya yi duhu a gindin gawo. Daga nan sai hanyoyin da muka saba da su su ɗauka: gayya, zaman makoki, ɗaurin aure, ɗiyar da aka kai aure wani gari, ɗan ci-rani da ya ga abu a hanya. Rediyon karkara da ziyarar manoma da wasu shirye-shirye suka ɗauki nauyi sun taimaka, amma inda suka yi tasiri shi ne inda suka kai manomi gonar manomi, ba inda suka zaunar da shi a aji ba.

Akwatin mata

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani ɗan gwaji a jihar Maraɗi, ƙarƙashin Moira Eknes 'yar ƙasar Norwe, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga baya ya bazu zuwa Damagaram da Tawa da sauran jihohi, sannan ya fita Nijar, har ya zama tsarin asusun ƙauye da ake bi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. An gina shi ne kan adashi, wanda kowace mace ta sani, aka ƙara masa abu biyu: kuɗin ba ya tafiya hannun mutum ɗaya kowane zagaye, ana tara shi a ba da rance, kuma ƙarshen shekara a raba uwa da riba.

Abin lura shi ne yadda aka warware matsalar amana a tsakanin matan da akasarinsu ba su yi boko ba. Mata kamar talatin ne ke zama mako-mako a kan tabarma. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, mabuɗan na hannun mata uku dabam, akwatin kuma yana kwana ɗakin wata ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban kowa. A ƙirga kuɗin da ƙarfi, a faɗi abin da ke ciki, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambayi taro nawa aka bari. Kowace mace shaida ce. Kuma wadda akwatin ke kwana ɗakinta ba a zaɓenta don iya lissafi, ana zaɓenta ne don an san ba ta taɓa cin amana ba, kuma mijinta ba mai sa hannu a kayan mata ba ne. Ita ce mai masaukin ƙungiyar, kuma saboda ita ne wasu mazan ke barin matansu su fita taron.

Yaɗuwar tsarin ta yi sauri ne lokacin da aka daina dogara ga ma'aikatan shirin kaɗai, aka horar da matan ƙauye su koyar da wasu, sababbin ƙungiyoyi na biyan su ɗan abin hannu. Mace ta je suna garin 'yar'uwarta, ta ba da labarin abin da ta samu ranar rabo, matan can su ce a turo musu mai koyarwa. Daga asusu aka wuce zuwa rumbun tsimi, ƙungiyoyi suka haɗu suka zama tarayya, kuma tun daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka fara ganin matan asusu suna tsayawa takarar kansila. Macen da ta saba tsayawa gaban mata talatin tana ba da lissafi ba ta jin nauyin magana a gaban majalisa.

Wanda ƙofa ba ta buɗe masa ba

Mai masauki yana shigo da abu, amma shi ne kuma ke zaɓen wanda zai shiga. Macen da ba ta da abin zubi kowane mako ba ta cikin asusu, kuma sau da yawa ita ce ta fi kowa buƙata. Game da gawo matsalar ta fi tsanani. Da itace ya zama na mai gona, wanda ba shi da gona ya rasa wurin da yake yin itace kyauta, matar da ke tsintar ƙirare ta koma saye ko roƙo. Makiyayi, Bafillace ko Buzu, wanda dabbobinsa suka baza irin tun farko, yanzu idan ya sassabe reshe don garkensa da rani sai a kira shi ɓarawo. A wasu ƙauyukan Agye, a jihar Maraɗi, an kafa kwamitocin tsaron itace da suka haɗa da mata da makiyaya, kuma wannan hanya ta fi kama da adalci. Inda aka bar kwamiti a hannun masu gona kaɗai, dabarar da ta raya ƙasa tana iya zama sabon dalilin faɗa tsakanin manomi da makiyayi, a yankin da ba ya buƙatar ƙarin dalili.

Ga masu shirye-shiryen raya karkara, wannan na nufin tambayar farko a ƙauye ba ita ce mutum nawa suka halarci taro ba. A tambayi wa ake zuwa gonarsa kallo, wa ake ba ajiya, sannan a tambayi su wa ba sa shiga gidansa, domin su ma suna buƙatar nasu mai tsaya musu. Mai gari ko wanda ya iya Faransanci ba lalle ne shi ba, ko da yake shi ke fara tarbar mota.

Ga mu masu bincike kuma akwai aiki na gaggawa. Tauraron ɗan'adam ya ƙirga mana itatuwa, amma bai gaya mana wa ya koya wurin wa ba. Manoman da suka fara barin gawo bayan 1984 yanzu dattawa ne, haka ma matan da suka riƙe akwatunan farko. Malamanmu na zaure sun daɗe da hanyar da ta dace da wannan aiki, wato salsala: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder za su iya ɗaukar ƙauyuka kaɗan a Magarya da Matamai da Mirya, su bi gida-gida da tambaya uku: gonar wa ka fara gani, me ke tsakaninka da shi, shekara nawa ka yi kana kallo kafin ka gwada. Idan amsoshin suka taru kan mutum ɗaya ko biyu a kowane ƙauye, masu irin siffar da na bayyana, to hasashen wannan maƙala ya tsaya. Idan suka watsu ba tare da cibiya ba, sai mu nemi wani bayani, kuma mu sake duba misalin Sawaba da na asusu ta wannan fuska.